Keke a Hanyar Tudu da Gangare: Yadda Za Ka Je Lafiya, Ka Dawo Lafiya

Gabatarwa

Keke, wanda Larabawan ƙasar nan ke kira ajala, jakin talaka ne da ba ya cin ciyawa. Da shi ake zuwa gona, da shi ake ɗebo ruwa, da shi ake kai riɗi da dawa kasuwa, da shi ake kai yaro makaranta. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 mai ya yi tsada, kuɗin mota ya hau, darajar keke kuwa ta ƙaru a ƙauyukanmu.

Amma keken da ke kai mutum gona shi ne kuma yake kawo shi asibiti. Mafi munin faɗuwa ba a hawan tudu ake yin ta ba, a saukar gangare ake yin ta, musamman idan akwai kaya a baya kuma birki ya mutu. Rauni mafi haɗari kuma sau da yawa ba a ganinsa da ido, yana cikin kai ko cikin ciki. Wannan ɗan littafi zai nuna maka yadda za ka kauce wa faɗuwa, da abin da za a yi a sa'o'in farko idan an faɗi. Ka karanta, ka kuma karanta wa wanda bai iya ba.

Ƙasarmu da hanyoyinta

Kakanninmu Hausawa sun iso wannan ƙasa a ƙafa da kan jakuna. Wasu alhazai ne da suka yada zango a hanyar Makka, wasu kuma sun biyo hijirar da aka yi bayan yaƙin Burmi a 1903. Da yawa sun zauna a garin Gadarif da ƙauyukan bakin kogin Rahad da na Atbara, suka kama noma.

Wanda ya kalli ƙasar Gadarif daga cikin mota zai ce fili ce shimfiɗaɗɗiya. Mai keke ya san ba haka ba ne. Garin kansa duwatsu sun kewaye shi. Akwai duwatsu a Fau da Ƙala'an Nahal. Wanda kuma ya nufi kudu maso gabas, ta Doka zuwa Gallabat a kan iyakar Habasha, zai ga ƙasa tana ta tashi da sauka. Ko a filin ma, kowane rafi yana da gangaren shiga da tudun fita.

Ƙasar kuma baƙar laka ce. Da rani takan tsage, ta yi ramuka masu kama taya. Da damina, daga Yuni zuwa Oktoba, takan zama kamar danƙo, ta cika tsakanin taya da ƙarfe har ƙafar keke ta ƙi juyawa. Inda tarakta da manyan motoci suka bi da damina, sawunsu yakan bushe ya yi tauri kamar dutse. A gindin duwatsu kuwa tsakuwa ce mai zame wa taya. Saboda haka duk mai keke a ƙauye, ko ya sani ko bai sani ba, hawan dutse yake yi.

Keken hawan dutse

A kasuwa yanzu ana samun keke mai faffaɗar taya mai haƙora, da giya da yawa, da miƙaƙƙen hannu. Shi ne keken hawan dutse. Asalinsa daga jihar Kalifoniya ta Amurka ne, inda wasu samari a shekarun 1970 suka riƙa gyara tsofaffin kekuna suna gangarowa da su daga kan duwatsu. A 1976 suka fara tsere a wani gangare mai tsawon wajen kilomita 3. Birkin kekunansu yakan yi zafi har man da ke cikinsa ya ƙone, sai an sake ɗura wani. Daga wannan wasa aka koyi ƙera keke mai ƙarfin birki. A 1996 tseren keken dutse ya shiga wasannin Olamfik a birnin Atlanta, a 2012 kuma wani ɗan Ruwanda, Adrien Niyonshuti, ya yi wannan tsere a Olamfik na Landan.

Ƙasarmu ma ta ga irin waɗannan mahaya. A 2003 aka fara ayarin masu keke da ake kira Tour d'Afrique, masu tashi daga Alƙahira zuwa birnin Kef na Afirka ta Kudu, tafiyar wata huɗu a wancan lokacin. Shekaru da dama sun ratsa ƙasar Gadarif suka fita ta Gallabat. Wanda ya taɓa ganinsu zai tuna abu uku: kowa da hular kwano a kansa, kowa da gorar ruwa a jikin kekensa, kuma kullum suna duba kekunansu. Ba don sun fi mu tsoro ba ne. Sun san abin da gangare ke yi wa mutum.

Keken dutse ya fi tsohon keke irin su Raleigh da Phoenix riƙe ƙasa a tsakuwa, giyarsa kuma tana sauƙaƙa hawa. Tsohon keken kuwa ya fi jure kaya, gyaransa ya fi sauƙi a ƙauye, amma birkinsa na sanda bai da ƙarfi sosai. A kula kuma: akwai kekuna masu arha da suka yi kama da keken dutse a ido kawai, birkinsu na roba ne mai lanƙwashewa. Kafin ka saya, gwada birki ya fi duba fenti.

Amfanin keke ga jiki

Kada wannan littafi ya sa ka ji tsoron keke. Tuƙa keke yana cikin motsa jiki mafi kyau. Yana ƙarfafa zuciya da huhu, yana taimakawa wajen sauke hawan jini, yana rage sukari a jinin mai ciwon sukari, yana kawo barci mai daɗi. Bai kuma wahalar da gwiwa kamar gudu, domin sirdi ne ke ɗauke da nauyin jiki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba yana bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, yaro kuma minti 60 kowace rana. Wanda ke tuƙa keke rabin sa'a kwana biyar a mako ya cika wannan ma'auni, bai biya ko sisi ba.

Idan keke yana sa ka ciwon gwiwa, duba tsayin sirdi. Ka zauna, ka ɗora dunduniya a kan feda lokacin da take can ƙasa. Ƙafarka ta miƙe daidai, ba tare da ka karkata ba. Sirdi da ya yi ƙasa da yawa yana cin gwiwa. Idan kuma gabanka yana mutuwa bayan doguwar tafiya, bakin sirdin ya ɗaga sama da yawa. A daidaita shi, ka kuma riƙa miƙewa tsaye a kan feda lokaci lokaci.

Me ya sa gangare ya fi tudu haɗari?

A hawa, ƙarfinka ne ke tura keke, in ka gaji ya tsaya. A sauka, nauyi ne ke jan keke, shi kuwa nauyi ba ya gajiya. Birki kaɗai ke tsakaninka da ƙasa.

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: idan gudu ya ninka biyu, nisan da keke zai ci kafin ya tsaya yakan ninka huɗu, ƙarfin bugu kuma in an faɗi yakan ninka huɗu. Keken da zai tsaya cikin taku biyar a hankali, sai ya ci taku ashirin idan gudun ya ninka.

Kaya ma haka. Jarka ɗaya mai lita 20 kilo 20 ce. Jarka biyu kilo 40. Buhun dawa ya kusa kilo 90, wato ya fi mutane da yawa nauyi. Robar birkin da ba ta wuce tsawon yatsa ba ita ake so ta tsayar da kai da buhu da keke gaba ɗaya. Idan ƙarfen taya ya jiƙe da ruwa ko laka, robar sai ta yi ta zamewa kafin ta kama. Shi ya sa gangaren da ke bayan ƙetare rafi yake da haɗari ƙwarai.

Duba biyar kafin ka hau

Rigakafi ya fi magani. Wannan duba ba ya cin minti biyu.

1. Birki. Ka matse na gaba ka tura keke, ya ƙi tafiya. Ka yi haka da na baya. Idan hannun birki ya taɓo hannun keke kafin ya kama, a ɗaure shi. Idan roba ta cinye, a canja. Ka san wane hannu ne na gaba, wane ne na baya, domin kekuna sun bambanta.
2. Taya. Ta sami iska, ba tsagewa, ba ƙaya a jiki.
3. Hannun keke. Ka matse tayar gaba da gwiwoyinka ka murɗa hannun. In ya juya, a ɗaure.
4. Sarƙa da feda. Sarƙa ta sha mai, feda ba ta girgiza. Feda da ta zama ƙarfe tsirara tana zame ƙafa, tana kuma huda ta.
5. Notin taya da na kariya. Kowanne a ɗaure.

Keken da ba birki ba keke ba ne. Taka taya da silifa ba birki ba ne. Kuɗin robar birki bai kai kuɗin motar da za ta kai ka asibiti ba.

Yadda ake sauka gangare

Ka rage gudu tun kana kan tudu, kafin gangare ya ja ka. Ka matse birki biyu tare, a hankali, kamar mai tatsar nono. Birkin gaba shi ya fi ƙarfi, amma in ka damƙe shi shi kaɗai farat ɗaya, zai jefa ka ta saman hannun keke. Na baya shi kaɗai kuma yakan sa taya ta ja ƙasa, keke ya juya gefe.

Ka ja jikinka baya a kan sirdi. Fedoji biyu su tsaya daidai da juna, kada ɗaya ta yi ƙasa ta bugi dutse. Gwiwa da gwiwar hannu su ɗan lanƙwashe, su shanye girgiza. Idonka ya kalli inda kake son bi, can gaba, ba dutsen da kake tsoro ba, domin keke yana bin ido.

Ka gama rage gudu kafin kwana. Birki mai ƙarfi a tsakiyar kwana a kan tsakuwa kayarwa yake yi. Tsagewar ƙasa da sawun tarakta, ka ratsa su a gicciye, kada ka bar taya ta faɗa ciki ta bi su.

Idan gangaren ya yi tsayi, ko kana da kaya, ko hanya ta jiƙe, sauka ka tura. Ba abin kunya ba ne. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.

Kada ka shiga rafi mai gudu da keke. Ruwan da ya sauko daga duwatsu yakan zo farat ɗaya, ko da ba a yi ruwa a inda kake ba, kuma ruwa mai gudu da ya kai gwiwa yana iya kayar da ƙato.

A kan kwalta ka bi hannun dama, can gefe. Kada ka kama bayan babbar mota ko tirelar tarakta don ta ja ka. Da dare ka sa fitila gaba, da abu mai ƙyalli a baya, da tufa mai haske. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haɗarin hanya yana kashe mutum wajen miliyan 1.19 a shekara, fiye da rabinsu kuwa masu tafiya a ƙafa ne da masu keke da masu babur.

Hular kwano tana rage mummunan raunin kai da fiye da rabi. Rawani da hula suna kare rana, ba sa kare ƙwaƙwalwa. Hular ta zauna daidai a goshi, a kuma ɗaure igiyarta a haɓa, in ba haka ba za ta riga ka faɗuwa. Ka sa takalmi mai rufe ƙafa. Jallabiya da zane a tattare su, kada su shiga sarƙa ko taya. Wanda ya sha barasa ko ƙwaya irin su taramol kada ya hau keke.

Kaya da goyo

Ka raba kaya gida biyu daidai, hagu da dama, ka sauke su ƙasa ƙasa gwargwadon iko. Kaya mai tsayi a kan kariya yana rinjayar keke a kwana. Jarka da ba ta cika ba ta fi cikakkiya haɗari, domin ruwan yana kai da komowa. Kada ka rataya kaya a hannun keke. Lauje, adda ko gatari, a naɗe bakinsu da tsumma a ɗaure su a jikin keke, ba a kafaɗa ba.

Yaron da aka goya a kariya, ƙafarsa tana iya shiga wayoyin taya. Wannan rauni yakan ɗaye fatar dunduniya, wani lokaci har da karaya a ciki, kuma yana da wuyar warkewa. A sa wa yaro takalmi, a yi masa wurin ɗora ƙafa, a rufe gefen tayar baya da guntun roba ko yankakkiyar jarka. Idan ya faru, a kai shi asibiti ko da raunin ya yi kamar ƙarami, domin fatar takan mutu bayan kwana biyu ko uku.

Zafi da ƙishirwa

Daga Maris zuwa Mayu zafi a Gadarif yakan wuce maki 40. Mai hawan tudu a irin wannan rana yana iya zubar da gumi lita ɗaya ko fiye a sa'a guda. Ka yi tafiyarka da sassafe ko da la'asar sakaliya. Ka ɗauki ruwa, ka riƙa kurɓa kafin ƙishirwa ta kama ka. Fitsari mai duhu, ɗan kaɗan, alama ce cewa jiki ya bushe. Mai azumi ya guji doguwar tafiya da tsakar rana.

Idan mutum ya yi jiri, da ciwon kai, da tashin zuciya, da murɗawar nama, a kwantar da shi a inuwa, a jiƙa jikinsa, a ba shi ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Idan kuwa jikinsa ya yi zafi rau, ya fara sambatu, ko ya suma, wannan bugun rana ne mai kisa. A kwarara masa ruwa a jiki duka, a yi masa fifita, a nufi asibiti ana ci gaba da jiƙa shi. Kada a ɗura ruwa a bakin wanda ba ya cikin hayyacinsa.

IDAN AN FAƊI

Da farko a kare wurin, kada mota ta ƙara taka mutum. Kada a fizge shi a tsayar da shi. A yi masa magana, a ga ko yana amsawa, yana numfashi. Idan jini na zuba, a danne wurin da tsumma mai tsabta, da ƙarfi, minti 10 ba ɗagawa.

Wuya da baya. Idan yana jin ciwo a wuya ko baya, ko hannu da ƙafa sun mutu ko suna masa kamar tafiyar tururuwa, kada a lanƙwasa shi. Mutum ɗaya ya riƙe kansa daidai da jikinsa. Mutum uku ko huɗu su juya shi gaba ɗaya kamar gungumen itace, a ɗora shi a kan ƙyaure ko katako, a tare kansa da naɗaɗɗen zane hagu da dama. Ɗaukar irin wannan mutum a zaune a kan babur na iya shanye masa jiki har abada.

Kai. Mutum yana iya bugun kai, ya suma ɗan lokaci, ya farka ya karkaɗe rigarsa ya ce ba komai. Amma jini yana taruwa a hankali a cikin ƙoƙon kai, yana danne ƙwaƙwalwa. Bayan wasu sa'o'i sai ya kwanta, a ce barci yake, ya ƙi tashi. Saboda haka duk wanda ya bugi kai, kada a bar shi shi kaɗai har kwana ɗaya cur. Da dare a riƙa tashe shi bayan kowace sa'a biyu ko uku, a tambaye shi sunansa da inda yake. A garzaya asibiti idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- ya suma, ko da na ɗan lokaci ne, ko ya manta abin da ya faru;
- amai fiye da sau ɗaya;
- ciwon kai mai ƙaruwa;
- barci mai nauyi, ruɗewa, ko magana ba daidai ba;
- jijjiga;
- jini ko ruwa fari yana fita ta kunne ko hanci;
- baƙin tsakiyar ido ɗaya ya fi ɗaya girma;
- raunin hannu ko ƙafa.

Don ciwon kai a ba shi farasitamol kawai. Asfirin da ibufurofen suna ƙara zubar jini.

Ciki da saifa. Wannan sashe ya shafe mu mutanen Gadarif fiye da mutanen wurare da yawa. Saifa tana gefen hagu na ciki, a ƙarƙashin haƙarƙari, cike take da jini. Ga mai lafiya, haƙarƙari ya rufe ta. Amma zazzaɓin cizon sauro da ya daɗe, da tsutsar ruwa ta bilhaziya, da ciwon kala-azar, duk suna kumbura ta har ta leƙo ƙasan haƙarƙari. Jihar Gadarif kuwa tana cikin wuraren da kala-azar ya fi yawa a duniya, musamman ƙauyukan bakin Rahad da Atbara. Wani ɗan ƙwaro ne da bai kai sauro girma ba ke yaɗa shi, yana son dajin talha da aduwa da tsagaggiyar laka.

Idan mai keke ya faɗi, ƙarshen hannun keke yakan soki ciki daidai wannan wuri. Kumburarriyar saifa tana iya fashewa da bugun da bai kai ya kawo ba. A waje ba a ganin komai sai ɗan zagayen tabo. A ciki kuwa jini yana zuba. Alamunsa: ciwo a hagun ciki, ciwo a kafaɗar hagu alhali ba a bugi kafaɗar ba, jiri idan ya tashi, gumi mai sanyi, ƙishirwa mai tsanani, bugun zuciya da sauri, fatar cikin ido da tafin hannu sun yi fari, ciki ya yi tauri. Wani lokaci sai bayan kwanaki alamun ke fitowa.

Wannan ba ciwon jiƙo ba ne, ba na gasawa ba, ba na tausa ba. A kwantar da shi, a lulluɓe shi, kada a ba shi abinci ko abin sha, a kai shi asibitin da ake tiyata nan take. 'Yan'uwa masu lafiya biyu ko uku su bi shi don ba da jini. Duk yaron da hannun keke ya bar wa tabo a ciki, likita ya gan shi a ranar, ko da yana wasa.

Wanda ya san yana da saifa kada ya hau keke a mummunar hanya sai ya warke. Zazzaɓin da ya wuce mako biyu, tare da rama da kumburin ciki, a je a gwada jini don kala-azar. Yana warkewa da allurai, galibi na kwana 17. In an bar shi, kusan kowa yake kashewa.

Karaya. Mai keke ya fi karyewa a wuyan hannu da ƙashin da ya haɗa kafaɗa da ƙirji, domin da hannu ake tare ƙasa. A rataye hannun a wuya da ɗankwali. Karayar ƙafa a ɗaure ta da sanda da tsumma yadda aka same ta, kada a ja ta. Ciwo a gindin babban yatsan hannu bayan faɗuwa, ko da ba kumburi sosai, yana bukatar hoto, domin akwai ɗan ƙashi a nan da kan ƙi haɗewa in an yi sakaci.

Mun san mutane da yawa suna fara zuwa wurin maɗori. Akwai karayar da ba tasa ba ce: wadda ƙashi ya huda fata, wadda ta shiga gaɓa, karayar cinya, da ta gwiwar hannun yaro. Kuma duk ɗaurin da ya sa yatsu suka kumbura, suka yi sanyi, suka yi baƙi ko suka mutu, ko ciwo ya yi ta ƙaruwa, a kwance shi nan take a zo asibiti. Ɗauri mai tsanani yana toshe jini, cikin 'yan sa'o'i nama ya fara mutuwa, har a kai ga yanke hannu.

Ƙurjewa da yanka. A wanke da ruwa mai tsabta mai yawa da sabulu har tsakuwa da ƙasa su fita duka. A rufe da tsumma mai tsabta. Kada a sa ƙasa, toka, kashin shanu, garin gahawa, man birki ko baƙin mai. Ƙwayar tetanus, ciwon da ke sarƙe haƙora ya sandarar da jiki, tana zaune a ƙasa da kashin dabbobi, takan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21 bayan rauni. Idan raunin ya yi datti, kuma allurar rigakafinka ta ƙarshe ta wuce shekara 5, ko ba ka san yaushe ba ne, ka zo a yi maka a ranar.

Ƙaya ma ba abin rainawa ba ce. Mai tura keke ba takalmi yakan taka ta, ta nan kuma ciwon madura ke shiga, wanda ya yi yawa a Sudan. Yakan fara da ɗan kumburi marar zafi a ƙafa, ya yi ta girma shekara da shekaru har ya ci ƙashi. Kumburi irin wannan a nuna shi tun yana ƙarami.

Idan kare ya biyo keke ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, a zo a fara allurar haukan kare a ranar.

Waɗanda za su nemi shawara tukuna

Mai ciwon zuciya, ko wanda ƙirjinsa ke ɗaurewa ko numfashinsa ke yankewa a hawan tudu, ya tsaya, ya ga likita. Mai ciwon sukari da ke shan magani ya ci abinci kafin tafiya, ya sa dabino a aljihu. Mai farfaɗiyar da ba ta lafa ba kada ya hau keke a kan titi ko kusa da ruwa. Mai sikila ya guji zafi da ƙishirwa da wuce ƙarfinsa. Mace mai ciki, da zarar ciki ya fito, ta bar hawa ko goyo a mummunar hanya. In ta faɗi, ta zo a duba ta, musamman in ta ga jini, ko ciwon mara, ko motsin ɗa ya ragu.

Aikin jama'a

Jiki amana ce daga Allah, naka da na maƙwabcinka. Ranar haɗari ba ranar neman shawara ba ce, tun yau ake shiri. Kowane ƙauye, kowace majami'a, kowace ƙungiyar manoma za ta iya yin waɗannan: a san wa ke da tarakta ko keken jaki ko motar da za a tasa ko da tsakar dare, a san asibitin da ake tiyata mafi kusa, da hanyar da ke bi da damina, a ajiye ɗan asusun gaggawa, a tanadi katako ɗaya mai faɗi don ɗaukar mai rauni, a yi gayya bayan damina a cike ramukan gangaren da kowa ya san yana kayar da mutane. Iyaye su duba birkin keken yara da hannunsu kowane mako. Wanda kuma ya tarar da mutum a kwance a hanya, ko baƙo ne, ko ba yarensa ba ne, kada ya wuce shi.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Wane gangare ne a ƙauyenmu ya fi kayar da masu keke, me za mu yi masa?
2. Mutum ya bugi kai, ya tashi ya ce ba komai. Waɗanne alamu za mu lura da su a daren nan?
3. Me ya sa bugun hannun keke a ciki ya fi haɗari ga mai saifa?
4. Idan haɗari ya faru yau da dare, wa zai kai mai rauni asibiti, da me, ta wace hanya?

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye hanya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.